Sarƙar Mashin Ɗin Tana Wurina

Mahuta, Kaduna
Ranar Alhamis

Ɗana Ishaya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, kai da matarka Rahila, da babbar baƙuwarmu wadda ta zo ta mai da ni kaka bayan furfura ta kai mini har gira. Ina roƙon Allah ya sauke ku lafiya, ya tsare motar da ta ɗauke ku da kayanku, ya ba direban haƙuri da ramukan hanya. Mamarka tana gaishe ku. Ta ce a tuna wa Rahila ta rufe kan yarinya in iska ta taso.

In kana karanta takardar nan, to kun isa, kun sauke kaya, ka kwance buhunan da na naɗe bayan mashin da su, ka kuma ga babu sarƙa a jikinsa. Kada ka zargi direba, kada ka zargi masu lodi. Ni na cire ta, tana nan wurina. Zan ba Rahila takardar nan gobe da safe in ce ta miƙa maka da zarar an sauke mashin, kafin ka fara neman wanda za ka yi wa faɗa.

Ka sami wuri ka zauna. Ka san sai da na haife ku duka na shiga ajin yamma na koyon karatu, don haka abin da wani zai faɗa a shafi ɗaya ni sai na cinye biyar. Ga shi kuma kaina a ɗaure yake kwanakin nan. Murna ta cika ni, tsoro ma ya cika ni, ban san wanne ne yake riƙe da biron ba.

Mashin ɗin nan ya girme ka. Na saye shi ina aiki a masaƙa a Kakuri, lokacin da in an tashi aiki titi ba ya ratsuwa saboda kekuna. A kansa na kai mamarka asibiti ranar da za ta haife ka, tana dukan bayana wai in bi a hankali, in na bi a hankali kuma ta ce ina so ta haihu a titi. Da masaƙa ta rufe, shi ya riƙa kai ni gonar Kakau yana dawowa da ni. Ban taɓa jin ya tsufa ba sai ranar da ka are shi ka kai Rahila awo a Barnawa, cikinta na wata shida. Ina zaune a ƙofar gida kuka dawo. Na ga yadda ta sauko, hannu ɗaya a ƙugu, ta cije leɓe. Da ta ga ina kallonta sai ta yi murmushi ta ce, "Baba, sannu da gida." Shekara tara muna jiran wannan ciki. A makon ne kuma takardar canjin wurin aikinka ta zo, za ka je ka riƙe makaranta a ƙauyen nan na bayan Kachiya, inda ka ce daga kwalta zuwa cikin gari duk duwatsu ne da kwazazzabai, asibiti kuma sai an yi tafiya.

Sai na ce a raina, zan ba yaron nan mashin ɗina, amma ba zan ba shi abin da zai karya wa matarsa baya ba.

Ka san yadda bayan mashin ɗinmu yake. Akwai dogon ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe da tayar baya, wanda makanikai ke ce wa fok ɗin baya, sai shokazoba biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sababbin mashina na shiga daji ba haka suke ba. Shokazoba ɗaya ce babba a tsakiya, ƙarƙashin kujera, tana zaune a kan wasu 'yan ƙarafa uku masu lanƙwashewa kamar gwiwa. Wani malamin gona ya taɓa rage mini hanya a kan irinsa daga Kakau, muka faɗa rami ban ji komai ba. Tun ranar abin bai fita raina ba. Sai na yanke shawara zan cire bayan tsohon mashin ɗina in sa masa na sabo.

Ban tambaye ka ba. Ban tambayi Rahila ba. Na ce muku zan ɗan yi masa kwaskwarima ne, na rufe shi a ɗakin ajiya. So nake in ga fuskarka ranar da zan buɗe. Yanzu da nake rubutu na gane tun daga nan na kauce, domin da na ce maka, "Ishaya, ga abin da nake tunani," da ka yi dariyar nan taka ka ce in sayi sababbin shokazoba biyu in huta. Ɗana, in za ka yi wa mutum alheri da abin da shi zai hau, ka tambaye shi. Idan ka ga kana ɓoye alherin don ka ji daɗin ranar bayyanawa, ka tsaya ka duba ko don shi kake yi ko don kanka. Ni har yau ban iya raba biyun ba.

Na je wurin 'yan gwangwan na sami bayan irin mashin ɗin da nake so. Gabansa ya ragargaje, amma bayan lafiya lau, fok da shokazoba da 'yan gwiwoyin duka a haɗe. Kafin in fita gida na auna faɗin wurin da fok ke shiga a firam ɗin namu, wato gangar jikin mashin. Da me na auna? Da zare. Shekara ashirin da biyu ina gyaran injin saƙa, zare ne abin da hannuna ya sani. Na ja shi daga wannan gefe zuwa wancan, na ƙulla, na sa a aljihu. Akwai tef na ƙarfe a akwatina, ban ko kalle shi ba.

Da na ɗora zaren a kan sabon fok ɗin, sai ya gaza da ɗan kaɗan. Ishaya, na gani da idona ya gaza. Sai na ɗan ja shi. Ya kai. Na ce, "Na gode Allah, daidai ne." Mai kayan ma ya ce daidai ne, me zai ce?

Na zo gida, fok ya ƙi shiga. Ya fi wurin faɗi da kaurin ɗan yatsana ƙarami. Ni da na san zaren auduga yana miƙewa fiye da kowa a unguwar nan, ni ne zare ya yaudara, ko kuwa ni na yaudari zaren, ban sani ba. Maimakon in mayar, sai na ɗauko magagari. Kwana huɗu ina goge ƙarfen. Kuma gefe ɗaya kawai na riƙa ci, na hagu, don shi ne ya fi mini sauƙin riƙewa. Ranar na huɗu ya shiga, har ya yi sako-sako. Na ci fiye da kima. Sai na cike giɓin da washa uku, 'yan zobban ƙarfen nan. Ramin da doguwar ƙusa ke ratsawa ma ya fi ƙusata faɗi, sai da aka yanka mini guntun bututu aka cusa.

Ga abin da nake so ka ɗauka a nan. Zare yana da amfaninsa, in kana so ka ga ko taya biyu suna kan layi ɗaya, ka ja shi daga gaba zuwa baya zai gaya maka gaskiya. Amma tsawo da faɗi, ka auna da ƙarfe. Kuma duk lokacin da ranka ya riga ya kwanta a kan abu, gida ne ko fili ko mutumin da za ka ɗauka aiki, ka ba wani ya auna maka. Hannun mai so yana ja ba tare da ya sani ba.

Daga nan sai walda. Tsohon firam ba shi da wurin da shokazoba ta tsakiya za ta kama, dole a yi mata kunne a sama, a yi wa gwiwoyin wani a ƙasa. Na tura mashin zuwa shagon Dogara mai walda, abokinka da kuka yi ƙungiyar mawaƙa tare. Ya zagaya shi sau biyu. Sai ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa bututun da ke ƙarƙashin kujera.

"Baba, ka ji ƙarar?"

Na ce, "Na ji. Ƙarfe ne."

"Gwangwanin madara ne, Baba. Wanda ya ƙera mashin ɗin nan ya raba nauyi biyu ya kai shi can baya inda ƙarfe ke da kauri. Kai kuma kana so ka tattara Ishaya da madam da jariri da buhun masara ka rataye su a kunne ɗaya, a nan. Abeg, Baba, don Allah ka bar shi yadda Allah ya yi shi."

Raina ya ɓaci, don akwai mutane a wurin. Na ce, "Dogara, ina gyaran inji tun ubanka bai fara zuwa zance gidan su uwarka ba."

Ya ce, "Na sani, Baba. Amma injin saƙa ba ya ɗaukar mai jego."

Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta ƙarasa ni. Na ce in ba zai yi ba ya faɗa mini, masu walda ba su ƙare a Kaduna ba. Ya sa gilashinsa, ya yi. Ya ƙara wani ɗan faranti na ƙarfe don ƙarfi, ya yi aikinsa tsaf, ban ga laifinsa ba. Da ya gama na ce ya yanke tsofaffin kunnuwan nan biyu na baya inda shokazoba biyun ke kamawa a da, tunda ba su da sauran aiki, suna ɓata wa mashin kyau. Ya ajiye abin yankan ya ce, "Waɗannan kam ba zan taɓa ba, ko za ka kai ƙarata wurin Fasto." Na tafi ban yi masa sallama ba.

Ishaya, za ka je ka zama shugaban makaranta. Za a ba ka malamai waɗanda ka girme su, wasu ma ka koyar da su. Wata rana ɗayansu zai gaya maka gaskiya a gaban mutane, kuma zai faɗe ta yadda za a yi dariya. Kada ka amsa wa dariyar. Ka ja shi gefe ka ce ya sake faɗa maka a hankali. Ni na yi amfani da furfurata na rufe bakin wanda ya fi ni sani, ya kuwa rufu, don an yi masa tarbiyya. Da ma ya yi mini rashin kunya ya kore ni.

Sai 'yan gwiwoyin nan uku. Tun ranar da na kawo su na kwance su na wanke da kananzir a bahon wankin mamarka, wanda har yau ba ta yafe mini ba. Ban sa musu alama ba, ban zana yadda suke a takarda ba. Na ce abu uku ne, wa zai manta abu uku? Da na zo haɗawa sai na ga biyu dogaye ne, ɗaya mai kusurwa uku ne, da rami a kowace kusurwa, kuma kowane rami yana karɓar kowace ƙusa. Na ɗaura ta fuska ɗaya, bayan mashin ya ɗage sama har ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Mamarka ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya tana kallo, ta ce, "Baban Ishaya, raƙumi ka saya mana?" Na juya shi ta wata fuskar, ya durƙushe, taya tana gogar murfinta. Na juya ta uku, ya tsaya tsaka-tsaki. Na bar shi a haka don ya fi kyan gani.

Har yanzu ban san ko haka masu shi suka nufa ba. Wata rana in na kwanta da rana sai in ga kamar ta farkon ce daidai, kunnen ne muka ɗora ƙasa da yawa. Wata rana in ga kamar dogayen biyun ne na juya. Kafin ka kwance kowane abu, ɗana, ka sa masa alama, ko da alli ne. Wannan har a makarantar da za ka je. Za ka tarar da yadda suke yin abubuwansu, wasu za su ba ka haushi. Ka rubuta yadda ka same su kafin ka warware, don ka san hanyar komawa.

Ranar Asabar ɗin da na gwada shi, na ɗaura buhun taki na nufi Kakau. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban taɓa jin daɗin mashin kamar ranar ba. Inda na saba miƙewa tsaye saboda rami, na zauna daram, bayana bai ji komai ba. Na riƙa neman ramuka da gangan ina shiga. Ina tafe ina waƙa, mutane na kallona. Na ce Dogara yaro ne, bai san komai ba. Wannan daɗin shi ne yake rikita ni har gobe, don abin da ya yi daɗi haka, yaya za a ce ba daidai yake ba?

A hanyar dawowa na lura in na sassauta hannu mashin yana jan hagu. Sarƙa kuma tana wani kuka da ban san ta da shi ba. Kusa da gida ta zame gaba ɗaya, na tsaya na mayar. Na gane gogewar nan da na yi wa gefe ɗaya ta karkatar da taya, faranti mai haƙora na gaba da na baya ba sa kallon juna. Na ce wannan ƙaramin abu ne, washa ce za a matsar. Na wanke mashin, na ɗaga kujera in goge ƙura. A nan na gan shi. Wani layi siriri kamar gashi, a jikin bututun, dab da inda walda ta ƙare. Tsawonsa bai wuce farcen babban yatsa ba. Na sa farce na bi ta kai, farcen ya maƙale.

Ina tsugune a wurin wayata ta yi ƙara. Kai ne. "Baba, ta sauka! Mace ce, Baba!" Ban san lokacin da na fita da takalmi ƙafa ɗaya ba. A asibiti aka miƙo mini ita a cikin zane, ka ce za ku sa mata Ladi, sunan mahaifiyata. Na yi kuka a gaban nas-nas, ban ji kunya ba. Bakina ba ya iya kiran sunan nan, shi ya sa kuke ji ina ce mata Mama Ƙarama.

Bayan kwana biyu na koma ɗakin ajiya, na ɗauko baƙin fenti, na shafe layin.

Na daɗe a kan wannan jimla ta sama. Na so in ce murna ce ta rufe mini ido, amma ba ita kaɗai ba ce. Ba yau na fara shafa fenti ba. Shekaru da yawa ina shiga sujada da littafin waƙoƙi a hannu alhali ban san ko harafi ɗaya ba. Na haddace waƙoƙin, ina satar kallon na kusa da ni, in ya juya shafi in juya. Mamarka ta shekara shida a gidana kafin ta gane. Ranar da ta gane ba ta yi mini dariya ba, ta je ta rubuta sunana a ajin yamma, ta dawo ta ce ranar Litinin ake farawa. Na ɗauka ajin nan ya raba ni da halin. Ashe karatu kawai ya koya mini.

Ka tuna ranar godiyar haihuwar yarinya, bayan an tashi sujada, gida cike da mutane, na turo mashin yana ƙyalli na miƙa maka makulli. Ka durƙusa har ƙasa. Zumuntar matan coci suka yi ta guɗa. Sai wani ya ce a ɗauki hoto, ka hau, Rahila ta hau bayanka da yarinya a hannu. Inji a kashe yake, mashin a tsaye, amma na ga bayan ya ɗan nutse da nauyinku. Hoton nan da kowa ke yabo, ka sake duba shi. Ka dubi fuskata.

Sau uku ka hau shi zuwa cikin gari bayan ranar. Sau ukun ina zaune a ƙofar gida har ka dawo, kana tsammani iska nake sha. Na bar ɗana ya hau abin da ni kaina ban yarda da shi ba. Wannan ba ni da shawarar da zan ɗora a kansa, gafara kawai nake nema.

Ranar Talata da safe na sake ɗaga kujerar. Layin ya fito ta cikin fentin, ya kuma ƙara tsawo. Ban ji zuwan mamarka ba sai da ta yi magana a bayana.

"Me ka binne a ƙarƙashin kujerar nan da kake zuwa gaishe shi kullum?"

Na ce babu komai. Ta ce in matsa. Ta sunkuya, ta sa gilashinta, ta duba. Ba ta san walda ba, amma ta san ni. Ta miƙe ta ce, "A kan wannan za a ɗora mini jika?" Na fara bayani, wataƙila fenti ne kawai ya tsage, wataƙila tsohon karce ne. Ta ce, "In fenti ne, me ya hana ka cin tuwo tun ranar godiya? Ko ka faɗa masa, ko ni in faɗa. Na ba ka zuwa Juma'a."

Jiya na kira ka ƙarƙashin mangwaro don in faɗa maka. Ka zo ka zauna, kana ta murna kana cewa ranar Laraba mai zuwa ce rigakafin yarinya na gaba, kuma ka gode Allah da mashin ya samu, don mota ba ta shiga ƙauyen sai ranar kasuwa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ka riƙa duba baƙin mai kowane mako. Ka ce to, Baba. Ka tashi. Da kuka fita sallama da dangin Rahila, sai na cire sarƙar, na naɗe bayan mashin da buhu na ce don kada ya karce a mota. Na san abin da ya dace shi ne in hana a loda shi gaba ɗaya. Amma hana shi yana bukatar in dube ka in yi magana, na kuwa gwada na kasa. Wanda ya koyi rubutu da girmansa ga shi yau ya ɓuya a bayan takarda. In ka ce tsoro ne, ban musa ba.

Daga nan na wuce shagon Dogara. Na same shi yana haɗa ƙofa. Na tsaya har ya ɗaga gilashi, na ce, "Dogara, na zo ba ka haƙuri." Ya ce, "Ya tsage ko?" Na ce ya tsage. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya jawo mini benci ya ce tun ranar da ya yi aikin nan, in ya ji an ce mashin ya faɗi da wani sai gabansa ya faɗi. Na tambaye shi ko in an ƙara walda a kai zai riƙe. Ya ce ba zai ce komai ba sai ya kankare fentin ya gani da idonsa. Abin da ya tabbatar shi ne tsofaffin kunnuwan nan biyu da ya ƙi yankewa suna nan, kuma ni sabon fok na goge, ban taɓa firam ba a wurin. Don haka tsohon fok da shokazoba biyu za su koma mazauninsu, nauyi ya sauka daga inda ya tsage. In tsagar ba ta yi nisa ba, zai ɗaure ta da faranti a wurin wani abokinsa a Kachiya. In ta zagaye bututun, ya ce mashin ya gama aikinsa a duniya.

Tsohon fok ɗin yana cikin motarku, a buhun da na ɗaure da jar igiya, tare da sababbin shokazoba biyu, irin waɗanda da ma su ya kamata in saya tun farko. Ni da Dogara za mu zo ranar Asabar ta sama. Shi zai yi aiki. Ni zan riƙe masa sifana in yi shiru, ya ce wannan sharaɗin ne ya fi ba shi shakka.

To, ga roƙona. Na san ana sayar da sarƙa a kasuwar Kachiya, na san kuma ka iya ɗaura ta cikin minti kaɗan. Ba ni da ikon hana ka daga nan. Wataƙila ma ka ɗaga kujera ka duba ka ce Baba ya tsufa, wannan ɗan layin ne ya tayar masa da hankali. Ni ma rabin zuciyata haka take faɗa, tana tuna mini hanyar Kakau. Kada ka saurare ta, ita ce ta ja zaren nan. Laraba za ta zo kafin Asabar. Kada ka ɗora Rahila, kada ka ɗora Mama Ƙarama, kada kai ma ka hau, ko zuwa bakin rafi ne. Ka nemi wani a cocin garin ya kai su a nasa, ko ku fita da sassafe a ƙafa kafin rana ta yi zafi, kai ka riƙe lema. In an tambaye ka me ya sami sabon mashin ɗinka, ka ce babanka ya yi masa gyaran da bai iya ba. Ka faɗa haka, ba zan ji haushi ba.

Kuma ka karanta wa Rahila takardar nan duka, kada ka tsallake wurin fenti. Ita ce za ta hau bayan, tana da hakkin ta sani. Kada ka fara sabon gida da ɓoye mata abu don ka rufa mini asiri. In ta ga girmana ya ragu, ya ragu ɗin ne.

In ka gama ka kira ni, in akwai sabis. Ko faɗa za ka yi, zan ɗauka.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku a baƙon wuri. Ya ba ku maƙwabta na kirki da ruwa mai kyau. Ya ba Rahila ƙarfin jiki da isasshen nono. Ya raya mini Mama Ƙarama, ya sa ta yi karatu da wuri, ba irin na kakanta ba. Ya kiyaye ƙafafunku a hanyar asibiti ranar Laraba, ya dawo da ku lafiya. Amin.

Sarƙar tana rataye a ƙusar bayan ƙofa, inda makullin mashin ya saba zama tun kafin a haife ka. Mamarka ta ce tana ɗiga mata baƙin mai a bango, na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa. Zan zo da ita ranar Asabar a cikin leda. In Dogara ya ce a ɗaura, da hannuna zan miƙa maka. In ya girgiza kai, zan dawo da ita gida in mayar a ƙusarta, mashin kuma ku jingine shi a inuwa, yarinya in ta fara tsayuwa ta riƙa kama shi.

Ni ne babanka,
Bitrus